Ruwan da Malam Maiwada Ya Gani a Waya

Malam Maiwada ƙanen marigayi maigidana ne. Da aka kawo ni gidan nan, a wata unguwa da ke gefen Likoro, shekararsa bakwai, ni na riƙa wanke masa rigar makaranta. Yanzu ya shekara ashirin da shida yana koyarwa a firamaren da ke bayan gidanmu, har furfura ta fito masa. Mutum ne mai gaskiya da riƙon salla, ban taɓa jin ya zagi ɗan kowa ba. Amma akwai halinsa guda da bai sake ba tun yana yaro: abin da aka rubuta a allo haka zai kwafe shi, ba ƙari ba ragi. Ko malami ya ja layi bisa kuskure, sai Maiwada ya ja nasa. In kuwa abu ya shiga littafinsa, to ka huta da gardama.

Bara da rani aka tara malamai a Makarfi kwana uku, aka koya musu amfani da waya a cikin aji. Ya dawo da littafi cike da rubutu, mataki na ɗaya, mataki na biyu, har mataki na arba'in da wani abu. Tun daga nan muka rasa sakat. A duk unguwar babu inda sabis ke kamawa sosai kamar gindin rumbuna, don haka kullum da an tashi tara sai ga shi tsaye a tsakar gidana, waya a sama, littafi a hammata, kajina na kewaya shi. In na ce ya matsa in share wurin, sai ya ce, "Yaya Lantana, ki bari ya gama saukowa." Ban taɓa ganin abin da ke saukowar ba.

Ni kuma ina da abu guda da nake ji da shi: farar masarar marigayi. Shekara talatin yana zaɓen irinta da hannunsa, mai manyan ƙwayoyi, tuwonta ya kwana bai saki ba. Tun da ya rasu, duk kaka nakan ware goyo masu kyau in rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Bara waccan abin da na samu bai wuce tiya ɗaya ba, ita ke nan gare ni.

A farkon watan Mayu aka yi ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, amma duk wanda ya girma a nan ya san ba a yarda da ruwan farko. Washegari Maiwada ya shigo da fara'a.

"Matar yaya, ɗauko irinki. Yau na koya wa 'yan aji shida darasin yanayi. Waya ta nuna ruwa kwana bakwai a jere."

"Maiwada, ruwa na Allah ne."

"Na Allah ne mana. Ai shi ya ba masana ilimin gane alamunsa. Duba nan, gajimare ne da ɗigo a ƙarƙashi, Litinin, Talata, Laraba, har Lahadi."

"Ni iskar nan ba ta yi mini kama da ta damina ba. Da sauran zafi a cikinta."

"Hancinki ya fi na'urar da ke sama ke nan?"

"Hancin nan shi ya riƙa gane ka yi fitsarin kwance."

Ya yi dariya, amma bai tafi ba. Ya buɗe littafi ya nuna mini matakan da ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce wanda ya riga shuka shi zai riga cin sabuwar masara. Kwana biyu yana zuwa da maganar, safe da la'asar. Kuma yara sun kai labari gidajensu cewa Malam ya ga ruwa a waya, har gida huɗu suka fita da sungumi. Da na ga mutane a gona sai zuciyata ta yi rauni. Laifina a nan ban ɓoye shi ba. Na ɓare irin duka, na shuka.

Ta tsiro kyakkyawa, layi-layi. Daga nan sama ta washe. Litinin ta wuce, Lahadi ta wuce. Kullum Maiwada na gindin rumbu yana cewa, "Gobe ne, ga shi nan a rubuce." Kwana goma sha takwas ko yayyafi ba a yi ba. Ina kallo tsiron ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Sauran gidajen suna da ragowar iri. Ni ba ni da ko ƙwaya.

Malama Firdausi, abokiyar aikinsa wadda suka je Makarfi tare, ita ta gano matsalar. Ta shigo sayen daddawa ta same shi yana harar wayar, ta karɓa ta duba.

"Malam, wannan ai yanayin Kafanchan kake dubawa."

"Haka aka ce." Ya buɗe littafi. "Mataki na goma sha biyu: rubuta Kafanchan a cikin akwatin."

"Malam, matar da ta koyar da mu 'yar Kafanchan ce. Misali ta yi da garinsu. Kowa sunan garinsa zai sa."

"Ba ta ce misali ba ne."

Na ajiye faifan da ke hannuna. Na ce, "To Alhamdu lillahi, ashe mutanen Kafanchan sun sami ruwa. Allah ya amfana musu." Ban ƙara ba, don in na ƙara zan faɗi abin da sai na yi istigfari. Mako guda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma don addini ya hana gaba.

Bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma ya bi gidajen nan huɗu ya tsaya a ƙofa ya ce kuskurensa ne, ya kuma faɗa wa 'yan ajinsa haka. Sannan ya dawo gindin rumbu, wannan karon da Malama Firdausi a gefensa. Akwai guruf na hira a waya da aka buɗe wa malaman da suka yi horon, na Kudan da Makarfi da Ikara. Ya yi magana a ciki da muryarsa, ya faɗi sunan yayansa, ya ce ko akwai wanda aka taɓa ba irin farar masararsa. Sau uku yana sake ɗauka, don na farko zakarana ya yi cara a kai, na biyu ya manta bai danna ba.

Bayan kwana biyu wani malami daga Malikanchi ya amsa. Ya ce mahaifinsa ya karɓi irin a wurin marigayi shekara goma da suka wuce, har yau ita suke shukawa. Maiwada ya hau babur ya je, ya dawo da rabin tiya a ƙullin leda. Na zuba a tafin hannu, na fasa ƙwaya ɗaya da haƙori. Ita ce. Na shiga ɗaki na jima kafin in fito.

Ban shuka ba sai da ruwa ya zauna a watan Yuni, ban kuma tambayi kowa ba. Rabin gonar ta samu, ragowar na sa wake. Da kaka na rataye goyo ashirin a madafa, na ware biyar na ɓoye inda ni kaɗai na sani.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne yadda yake ba da labarin. Duk malamin da ya zo, sai ya ce waya ce ta nemo wa matar yayansa irinta. Batun cewa ita ce ta ƙone shi fa, ba ya kaiwa nan sai na yi gyaran murya daga madafa. Littafin yana nan, ya soke Kafanchan da jan biro ya rubuta Likoro. Jiya ma ya shigo, waya a sama, ya ce an nuna ruwa ranar Alhamis. Sannan ya ce, "Yaya Lantana, ke ya kika ji iskar?"

Na ce ya matsa in share wurin.