Baba Shuɗi da Alƙalamin da Bai Taɓa Shan Tawada Ba

Masu shago a layinmu sun ce ba su taɓa ganin ainihin launin yatsunsa ba, shi ya sa suka raɗa masa Baba Shuɗi. Tela ya ce shi ba ya duba agogo, da ya ji ƙarar ƙofar shagon gyaran alƙalami ya san safiya ta yi. Maiɗakinsa kuwa cewa take yi, "Ni dai na daina saya masa farar riga tun muna da ƙuruciya."

Kullum zai shimfiɗa tsumma a tebur, ya jera kofunan ruwa, ya tsoma tsofaffin alƙaluma su jiƙa, irin waɗanda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Sai ya manna gilashi a ido ya duƙufa. Bakin da ya lanƙwashe ya miƙe shi, robar ciki da ta bushe ya canza ta. Dokarsa ɗaya ce: alƙalami ba ya barin hannunsa sai ya sha tawada ya yi rubutu. "Wanda bai yi magana ba," in ji shi, "ta yaya zan san ya warke?"

Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a ka, ba za mu manta ba. Yakan kalli yadda mutum ke riƙe alƙalami, ya goge bakin daidai da hannunsa, har yatsun da suka saba da guduma su daina yaga takarda. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo na marigayi mahaifinta a fashe. Da ta dawo ta ga yana rubutu, sai ta zauna a benci ta yi kukanta ta more, shi kuwa ya shiga laluben aljihun tebur kamar ya ɓatar da wani abu.

Ana nan sai masu hali suka gano tsohon alƙalami ma kadara ne: a saya, a adana, daraja ta hau. Babban amininsa, mai kemis na tsallaken titi, ya tsunduma ciki har da yin akwatin gilashi. Wata rana ya kawo wani baƙin alƙalami mai bakin zinariya, ya girme su su biyun amma bai taɓa shan tawada ba. A wajen masu tarawa kuwa, nan darajar take. Marfin kawai yake so a ɗaure masa. Ya manta bai ja kunne ba, hannun Baba kuma ya riga ya saba.

"Ɗura masa ka yi?" in ji mai kemis, ido waje.

"Dubi yadda yake gudu a takarda!"

"Wa ya ce maka don rubutu na saye shi?"

"To alƙalami ne ko ɗan kunne?"

Daga ranar mai kemis ya daina tsallako titi. Sai dai alƙalumansa ba su yi fushi ba. Matarsa ke kawo su, ta ce na wani ɗan'uwanta ne. Baba zai shinshina ya ce, "Ki gaishe da ɗan'uwan naki, ki ce masa warin magani ya kama kayansa." Ya gyara, ya mayar a bushe, ya karya dokarsa don mutum ɗaya. Amma maganar da za ta dawo da abokinsa ta maƙale masa a wuya, shekaru suka shuɗe gefen bencin da mai kemis ya saba zama ba kowa.

Kai ne, Baba, ka ɗauki alƙalamin ɗalibi da na attajiri da hannu iri ɗaya. Kai ne ba ka taɓa cewa abu ya mutu ba sai ka jiƙa shi ka gani. Mun gode. Duk mai sana'a ya leƙo ya koyi haƙurinka.

Makon jiya ido ya ce ya gaji, Baba ya tattara kayan aiki. 'Yan layi suka taru ana ta raha, amma shi hankalinsa na kan titi. Can sai ga mai kemis ya tsallako, baƙin alƙalamin nan a aljihun gaba.

"Ga ɓarnarka," ya ce. "Tunda ka lalata shi na ce bari in more. Da shi nake rubuta wa mutane yadda za su sha magani. Sauran suna kwance a gilashi kamar majinyata. Yanzu ya fara tsallake harafi."

"Ai na rufe shago."

"Buɗe, tsoho."

Baba ya kwance tsumma, ya manna gilashi, ya goge bakin a hankali. Ya jawo kwalba, sai ya tsaya, ya ɗago kai.

"In ɗura?"

Layi ya kaure da dariya, har tela ya dafe ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun mai kemis da shuɗɗan yatsunsa.

"Tun wancan karon ya kamata in tambaya. Ban kyauta ba, abokina. Ka yafe mini."