Hoton Tsoho a Bakin Jigo

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina sana'ar ɗaukar hoto, fuskokin da suka tsaya a gaban kyamarata ba su ƙirguwa. Amma akwai hoto ɗaya da na tabbata har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba, na wani tsoho manomi da bai taɓa riƙe kyamara ba, wanda kuma shi ne ya koya mini aikina.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga birni ba, inda na yi shekara uku ina koyo a wajen wani mai hoto. Na kama ɗan shago a bakin kasuwar Ɗanbatta, na rataya labule mai zanen gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta samansa. Na tanadi babbar riga mai aiki, da hula, da tabarau, da agogon hannu wanda ba ya tafiya. Duk wanda ya zo sai in shirya shi ya fito kamar alhajin birni. A ganina na wancan lokacin, iyakar aikin mai hoto ke nan, ya mai da talaka attajiri na minti ɗaya.

Sai dai na buɗe shago a mugun lokaci. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa tun gero bai gama fitar da kai ba. Rumbuna suka zama wofi, mutane suna ta kawo dabbobinsu kasuwa suna rabuwa da su ba don suna so ba. Wanda bai ci tuwon dare ba ina zai tuna da hoto? Sai dai samari masu tafiya ci-rani, su ma ɗan ƙarami na liƙa wa takarda suke nema. Fim kuwa ya yi wuya, sai ka shiga birni ka yini kana yawon kantuna ka dawo hannu sake. Har na fara shawarar in sayar da kyamarar in bi samarin nan kudu.

Wata ran kasuwa, bayan azahar, wani tsoho ya yi sallama a ƙofar shagon. Dogo ne, ya rame ƙwarai, rigar saƙi ce a jikinsa duk ta sha faci amma a wanke take fes. Ya ce daga wani ƙauye yake a hanyar Kunci. Na ba shi kujera, ya zauna, ya gaya mini abin da ya kawo shi. Ɗansa guda ne namiji, yana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a wani gari mai nisa. Wani ɗan garinsu ya je ya shaida wa yaron cewa an sayar da shanun noma, mahaifinsa kuma yunwa ta kwantar da shi. Shi ne yaron ya aiko da takarda cewa zai ajiye karatu ya dawo ya riƙe gida, saura wata huɗu jarrabawa.

"Na sa an rubuta masa cewa lafiya nake, bai yarda ba," in ji tsohon. "Ya ce na saba ɓoye masa. To, ina so ya gan ni da idonsa."

Na ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne." Na ɗauko babbar rigar nan ina kakkaɓewa. Na ce zan naɗa masa zane a ciki don jikin ya ciko, in sa masa tabarau ya rufe ramin idon, in na zo wanki kuma in ɗan gyara kumatun. Ina ta zuba bayani, ina jin kaina gwani.

Ya bar ni sai da na gama, sannan ya shafa aikin wuyan rigar ya ce, "Kyakkyawa ce. Amma ɗana ya san ban taɓa mallakar irinta ba ko a shekarar da gyaɗa ta yi kyau. In ya gan ni a cikinta, zai ce abin ya kai har sai da aka lulluɓe ni. Washegari zai hau mota."

Na ninke rigar na mayar da ita inda na ɗauko.

Ya ce, "Na rame, gaskiya ne, kada ka ɓoye masa. Shanu sun tafi, shi ma gaskiya ne. Abin da ba gaskiya ba shi ne wai na kwanta. Shi nake so ka nuna masa. A nan ɗakin naka kuwa ba zai nunu ba. In za ka iya, ka zo inda nake yini."

Ɗauka biyu kacal suka rage mini a cikin fim, kuma ban san ranar da zan samu wani ba. Na yi niyyar in ba shi haƙuri, amma yadda ya yi maganar ba roƙo a ciki, ba kuma gadara, shi ya sa na ji kunyar ƙi. Washegari da sassafe na ɗaura kyamara a bayan keke na kama hanya.

Na wuce gonaki a jere, gona na manne da gona, duk karan da bai yi tsawon ƙugu ba ya bushe a tsaye. Da na isa ƙauyen aka nuna mini hanyar fadama. Can na hango wani ɗan kore, faɗinsa bai fi tsakar gida biyu ba, yana ɗaukar ido a tsakiyar ƙasar da ta tsattsage. Ashe da ruwa ya ɗauke, tsohon nan shi kaɗai ya haƙa rijiya har ya cim ma ruwa, ya kafa jigo, dogon icen nan mai guga a baki da curin laka a gindi, ya shuka albasa da yakuwa. Tun asuba yake janyo guga yana juyewa a kwalbati na ƙasa, ruwan yana bin fangalin shuka ɗaya bayan ɗaya. Hannayensa duk jijiya, amma gugan bai taɓa tsayawa a hanya ba.

Na kafa kyamara na ce ya tsaya. Nan take ya saki igiya, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame kamar soja, ya ɗaure fuska. Na danna. Tun kafin in ɗago kai na san na ɓata ɗauka ɗaya, domin wanda na gani a cikin gilashin tsoho ne ramamme a tsorace, daidai abin da yaron yake gudu.

Saura ɗaya. Na ce, "Baba, ci gaba da aikinka, kyamarar ce ta ɗan cije, sai na gyara." Ya koma kan jigo, ni kuwa na duƙa ina kallonsa ta gilashi, yatsana a kan maɓalli. Na fi rabin awa a haka. Can sai ga matarsa, wata dattijuwa gajeruwa, ta kawo masa kunu a ƙwarya. Ta dube shi ta ce, "Malam, na hango ka ɗazu ka sandare. Ko ranar da ka zo gaishe da babana ba ka yi wannan tsayuwar ba."

Ya fashe da dariya, guga cike a hannunsa, ruwa yana zuba a kan ƙafarsa, albasa kore shar a bayansa. Na danna.

Da hoton ya fara bayyana a cikin ruwan wanki, sai na matso ina dubawa. Ga ƙasusuwan wuya a fili, ga facin riga, ban taɓa komai ba. Amma duk wanda ya dube shi ya san wannan mutumin bai kwanta ba, ba kuma shi da niyya.

Na ba tsohon hoton ya aika wa ɗansa, bayan mako uku ya dawo da takarda ya ce in karanta masa. Yaron ya rubuta cewa, "Baba, na ga ka rame, na yi kuka. Na kuma ga albasa, na ga dariyarka. Zan zauna in gama." Tsohon ya sa na maimaita masa layin ƙarshe, ya ce alhamdu lillahi, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Yaron ya ci jarrabawa, ya dawo ya koyar a firamaren garinsu har ya yi ritaya.

Da izinin tsohon na wanke babba na kafa a ƙofar shago. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, wasu su daɗe a wurin. Wani maƙeri ne ya fara cewa shi ma a maƙerarsa yake so, sai wata mai dakau, sai limamin wani ƙauye da ya ce in zo in same shi cikin littattafansa. Na fasa tafiya kudu. Keken nan ya kai ni ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kuma daga nan sana'ata ta tsaya da ƙafafunta.

Abin da na koya shi ne, kowane mutum yana zuwa gaban kyamara da mutuncinsa, ba mai hoto ne ke ara masa ba. Aikinmu shi ne mu je inda mutum yake, mu yi haƙuri mu jira har ya manta da mu, sannan mu danna.