Ranar da Na Hura wa Surukina Zoɓo

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ranar da na je neman aure Vénissieux, wani gari a gefen Lyon ta Faransa, ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina Paris, ina bincike kan ƙanƙarar da ke rufe teku a can ƙuryar arewacin duniya. Ni mutumin Tawa, wanda bai ga teku ba sai da ya yi gemu, aikina kullum duba hotunan tauraron ɗan'adam, in ga inda ta ƙaru da inda ta narke.

Yarinyar da nake so tana karatu a Lyon. Mahaifinta yana Maraɗi, ya kuma ce ya bar magana a hannun ƙaninsa, wani Alhaji da ke zaune unguwar Minguettes a Vénissieux: in Alhaji ya amince an gama, in ya ƙi in nemi wata. Na hau jirgin ƙasa da abokina.

Muka isa gidan Alhaji, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Hajiya, matarsa, ta kawo zoɓo a babban kwano, ƙanƙara na yawo a kai. Alhaji ya ƙare mini kallo.

"An ce kai ne mai gadin ƙanƙara," in ji shi. "Bon. Bara masu labarai a tele sun ce ta narke, ba a taɓa ganin irin haka ba. Bana sun ce ta ƙaru. Wa ke ƙarya cikinku?"

Na ce babu mai ƙarya, na soma zuba masa Faransancin labo, irin na ɗakin bincikenmu. Da na ga ya fara hamma, tsoro ya kama ni. Sai na jawo kwanon, na sunkuya na hura, ƙanƙarar duk ta taru gefe guda.

"Haka iska ke yi mata, Baba. Wata shekara ta tattara ta, wata shekara ta kora ta waje inda za ta narke. Ruwan ɗumi kuma yana shigowa yana cin ta daga ƙasa. Bana gajimare ya tare rana, ta samu sauƙi. Amma in an duba shekaru da yawa, raguwa take. Kamar tabkin ƙauye ne, damina ɗaya mai kyau ba ta mai da shi yadda kakanni suka san shi."

Sai da na ɗago na tuna abin shan mutane ne na cika da numfashina, a gidan da na zo roƙon 'ya. Hajiya ta ɗauke kwanon ta fita da shi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To baɗi hwa?" in ji Alhaji. "Ƙaruwa ko raguwa?"

Abokina ya taka mini ƙafa, ya raɗa, "Vas-y, yi kawai, ka faɗi ɗaya, wa zai je ya duba?" Gaskiyarsa, ba wanda zai duba. Amma bakina ya ƙi.

"Ban sani ba, Baba. Sai an ga iskar baɗi da ruwanta. Ko malamina bai sani ba."

A raina na ce shi ke nan, na rasa ta. Alhaji ya jawo waya ya kira Maraɗi, a gabanmu, ya taƙaita gaisuwa.

"Yaya, na ga yaron. Masu zuwa nan neman ɗiyanmu babu abin da ba su sani ba, wani har shekarar da zai yi arziki ya gaya mini. Wannan na tambaye shi baɗi, ya ce bai sani ba. Danginsa su turo manya."

Yau 'ya'yanmu sun fi ni tsawo. A falon nan na koyi cewa in ka bayyana abin da ka sani, ka kuma tsaya daidai inda saninka ya tsaya, mutum zai iya damƙa maka abin da ya fi so a duniya.