Kada a ƙulla sadakar Goggo Asabe a leda

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Goggo Asabe ta rasu. Yau da safe labarin ya same ni ina tsaye a kasuwar Sandaga, ina tsintar tumatirin da za mu dafa gobe Juma'a ni da ita. Ɗanta Sani ne ya kira ni. Na ce ya sake faɗa, ya sake faɗa, sai na nemi gefen wani kwando na zauna.

An yi jana'iza bayan azahar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce ta haɗa mu, matan lungunmu a unguwar New Bell ta Douala, muke dafa wa tsofaffi da marasa lafiya abinci duk Juma'a. Kayan miyan da suka kwana a Sandaga ba su sayu ba, waɗanda da a bola za su ƙare, su take bi rumfa-rumfa tana roƙa. Mai kyau ya shiga tukunya. Ruɓaɓɓen kuma a tara wa wani mai lambu daga Japoma ya yi taki, shi kuma ya kawo mana alayyafo.

Dokarta ɗaya ce: ba a zuba abinci a leda. Kowa ya zo da kwanonsa.

Ni kuwa kun san bakina. Na ce, "Haba Goggo, duk Douala a leda ake ƙulla sadaka, mu ne za mu fi kowa iyayi?"

Ta kama hannuna har ƙarshen lungu, inda ƙasa ta fi gangara, ƙofar ɗakin Inna Delu, tsohuwar da ba ta da kowa. Kwatar da ke wurin ta toshe da leda maƙil.

Ta ce, "Rabi, duba da kyau. Waccan ta suna ce, waccan ta sadakar arba'in. Mu ba Delu masa da safe, da yamma ledar masar ta shigar mata da ruwa har kan gado. Taimakon ke nan?"

Haka take ganin abin. A wurinta ciyar da talaka da yashe kwata aiki ɗaya ne, don talaka ne kullum yake zaune inda ruwa yake taruwa.

Idan an yi ambaliya masu tallafi suka kawo katifu da shinkafa, ita take nuna musu gidajen da suka fi buƙata. In sun gama sai ta riƙe hannun babbansu ta ce, "Merci, ɗana, Allah ya saka da alheri. Amma baɗi ku zo kafin ruwa, ku zo da shebur. Ga samarinmu nan ba aiki, ku ɗauke su su yashe rigol ɗin nan, kwatocin nan. Katifar bara ma ruwa ne ya ci."

Su yi dariya, ita ma ta yi. Baɗi ta sake faɗa musu.

Lokacin da maigidana ya kwanta rashin lafiya, kullum sai ta aiko min da kwano a rufe, wai in ɗanɗana mata gishiri. Kwano cike, na gida guda. Ba ta taɓa kiransa taimako ba.

Juma'ar da ta wuce ce ganina da ita na ƙarshe. Ba ta iya tsayawa kan tukunya ba, tana zaune a kujera tana kallon hadari. Ta ce, "Rabi, na san halinku. Ranar da na tafi za ku cika lungun nan da masa a leda da ruwan leda, ku ce don ni kuka yi. To Delu ce za ta kwashe."

Na ce, "Goggo, bari wannan magana, ke za ki binne mu."

Ta ce, "Na dai faɗa miki."

Ɗazu na shiga gidan makoki, na tarar an riga an jibge buhunan ruwan leda a zaure. Mutanen kirki ne suka kawo, don ƙaunarta suka kawo, Allah ya ba su lada. Amma da na gani kuka ya sake ƙwace min. Damina muke ciki, jibi kuma sadakar uku, kuma Goggo mai jama'a ce. Lungu zai cika.

Inna Delu tana zaune a tsakar gidan, kwanonta a kan cinya. Da shi ta zo gaisuwa.

Na yi magana da Sani, ya yarda. Za mu cika randuna da ruwa, mu ajiye kofuna. Masa a faranti za a fito da ita. Gobe ma za mu ɗora tukunya kamar kullum, tumatirin yana nan.

Ya Allah ka jiƙan Goggo Asabe, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta. Yadda ta ciyar da bayinka ba tare da ta kunyata su ba, ka ciyar da ita daga Aljanna. Ka ba Sani da ƙannensa haƙuri, mu ma ka ba mu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a. Mai zuwa jibi kuma, ina roƙonsa da girman Allah, ya zo da kwanonsa.