Ranar da Nicanor Ya Zo Gida a Motar Haya

Nicanor ƙanen aminiyata Herminia ne, ni kuma sa'arsa ce. Rana ɗaya aka sa mu a makaranta, shekara ɗaya muka bari. Gidansu ne na ƙarshe a ƙauyenmu kafin hanya ta shige dajin saman dutse, namu yana jikinsa. Tun yana ƙarami ba mai surutu ba ne. In an aike shi ya je, in an dake shi ya tsaya a gama.

Yana da shekara goma sha tara ya bar duwatsunmu na Oaxaca a ƙasar Meziko ya haura Amurka, kamar yadda rabin samarinmu suka yi. Ya ce shekara uku zai yi. Ya yi talatin da ɗaya. Ya fara da wanke-wanke a gidan abinci, aka ƙara masa girma ya koma yankan albasa, daga baya aka ba shi murhu. Ba shi da takardu, in ya fito ba zai iya komawa ba, saboda haka bai fito ba. Ya yi aure a can, matar ta tafi ta bar masa 'ya ɗaya, Lizbet. Duk Lahadi yana kiran gida, kuma ko ni da nake ji ta katanga na haddace hirar. Lafiya? Lafiya. Ana ruwa? Ana yi. Masara fa? Ta yi kyau. To a gaida kowa.

A shekararsa ta ashirin da biyu a can mahaifiyarsu Doña Eulalia ta rasu. Ni na riƙe wayar a maƙabarta don ya gani. Yana tsaye a bayan gidan abincin da rigar aiki, kusa da kwandon shara. Ya kalli ramin, ya kalli akwatin, ya ce, "To." Sai wani ya ƙwala masa kira daga ciki, ya ce min, "Chencha, ana nema na." Ya kashe. Na daɗe ina jin haushinsa kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Bayan nan aka zuba wa hanyarmu kwalta, baƙi suka fara hawowa. Mota suke ɗauka haya a birni, su tuƙa da kansu, a ba su taswira mai lambobi: ƙauyen masaƙa, ƙauyen masu baƙaƙen tukwane, wurin masu dafa giya, sai mu, lamba huɗu. Herminia tana koya musu baƙar miyarmu ta biki a rumfar da ta kafa a tsakar gida, ni ina gefe da kasko ina nuna musu yadda ake faɗaɗa gurasar masara a tafin hannu. Su ɓata ƙullu, su yi dariya, su ɗauki hoton hannuna kamar ba su taɓa ganin hannu ba. Daga ofishin da ke shirya tafiyar saƙo kawai ake turo mana, ba suna ba komai. Na wata Talata cewa ya yi: mutum biyu, ƙarfe ɗaya.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan wata ƙaramar farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Budurwa ta fito da malfa, sai direban, mai furfura da ɗan tumbi. Ya danna wa motar makulli ta yi ƙara, a ƙauyen da ko akurki ba ma rufewa. Taku uku ya yi na gane Nicanor ne, tafiyar ubansa ce sak.

Herminia ta riga ni. Ta goge hannu a zaninta, ta je ta buɗe ɗakin tsarkaka, inda ake jera hotunan waliyyai da na mamata a kan tebur, ƙyaure biyun duka, ta kunna kyandir a gaban hoton mahaifiyarsu, ta dawo bakin murhu ta juya baya. Daidai ta yi. Ɗan gida in ya dawo daga tafiya ba a gaishe shi a tsakar gida. Sai ya shiga ya gaida tsarkaka da mamatan gidan, ya sumbaci gefen teburin, sannan babba a gidan ta shigo ta miƙa masa hannu. Ko kasuwar birni ka je ka kwana biyu haka ake yi, balle shekara talatin da ɗaya.

Nicanor ya tsaya ya kalli ƙofar nan. Na ce a raina yanzu zai cire hula. Sai ya juya ya shiga rumfa, ya zauna a bencin baƙi.

Herminia ta jira. Ta gyara itace, ta sake gyarawa. Da shirun ya yi yawa sai ta ɗauko faifan barkono ta fara karatun da take yi wa kowa, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Wannan barkono kala huɗu ne. Ana gasa shi har ya yi baƙi, amma kada ya ƙone. Ga riɗi, ga ayaba, ga cakulan. Yarinyar kaɗai take kallo. Da lokacin juya miya ya yi sai ta ajiye muciyar a bakin tukunya maimakon ta miƙa a hannu kamar kullum. Nicanor ya tashi ya ɗauka, ya yi ta juyawa yana kallon cikin tukunyar. Tsakaninsa da yayarsa bai fi kamu biyu ba.

Yarinyar ta matso wurina don koyon yin gurasa. Hannunta duk ƙullu, ta sunkuyo ta ce da 'yar gurguwar Sifaniyancinta, "Inna, ni ce Lizbet. Ni na shirya tafiyar, da ya samu takardu. Na ɗauka zai yi murna."

"To me kike jira? Je ki rungumi gwaggonki."

"Baba ya ce kada in ce komai sai ya fara."

"Shi kuma wa yake jira? Limamin coci?"

Ta ɗaga kafaɗa, idonta ya ciko. Gurasarta ta yage a tsakiya, na karɓa na dunƙule na ba ta wata.

Na so in yi ihu, amma gidan ba nawa ba ne. Haka muka yi awa biyu. Aka zuba musu miya da naman talo-talo a teburin baƙi. Ya ci a hankali, ya share kwanon da gurasa har ƙasa. Herminia tana tsaye tana kankare tukunyar da ba ta buƙatar kankara. Kyandir yana ci a ɗaki, kowa yana ganinsa daga inda yake. Da ya gama ya duba agogo, ya ce wa 'yarsa taswira ta ce ƙarfe huɗu suna wurin masaƙa. Ya ce, "An gode," ba tare da ya nufi kowa ba. Ya nufi mota.

Nan haƙurina ya ƙare. Na bi shi da ƙullu a hannu, na riske shi yana buɗe ƙofa.

"Nicanor! Kai, jakin banza!"

Ya juyo. "Chencha. Kin tsufa."

"Kai ka zama saurayi. Makancewa ka yi a can? Ƙofar a buɗe take tun ɗazu."

"Na gani."

"Ko ka manta yadda ake yi ne? Ka shiga, ka cire hula, shi ke nan. Matar nan ƙafarta ta bushe da tsayuwa."

"Ban manta ba."

"To mene ne?"

Ya kalli makullin da ke hannunsa. Muryarsa irin ta hirar Lahadi ce. "Tun daga filin jirgi nake jira in ji wani abu. Na ga duwatsun, ban ji ba. Na ga coci, na ga gidan. Kamar ina kallon talabijin." "In na shiga na tsaya gaban hoton Mama, nan ma ban ji komai ba fa? Herminia za ta shigo ta kalli fuskata. Ta san ni."

Na ce, "Ka shiga dai. Ko ba ka ji ba."

"Wata rana," in ji shi.

Ya shiga mota, yarinyar ta shiga tana waige. Ya kunna sigina kafin ya hau hanya, alhali babu kowa a kanta sai kare. Daga baya Lizbet ta turo min hotunan sauran kwanakin. Ga shi gaban masaƙa, ga shi riƙe da tukunya, ga shi a bakin wani kwari, fuskar dai ita ce. Ya koma bakin murhunsa, yana nan yana kira duk Lahadi, kuma har yau ba wanda ya tada zancen.

Amma a ranar, da na koma tsakar gida, na tarar da Herminia ta zauna a inda ya tashi, kwanonsa a gabanta. Ba kuka take yi ba. Da ma kukan ne, da na san abin yi.

"Me ya ce miki?"

Sai na yi ƙarya. "Ya ce miyar ta yi daɗi. Ya ce kamar ta Mama."

Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Ban sa gishiri ba, Chencha," in ji ta. "Da na gan shi, na manta. Sai da ya cinye na tuna."