Turmin Inna a Situdiyo

Yaya Sale ya goge mana muryar Inna, kuma har yau ban ce na yafe ba. Ranar wata Juma'a ce bayan Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Ƙofar Ran. Kawunmu ya dawo daga aikin hajji da rakoda mai cin manyan batura, ya ajiye ta a bakin rijiya daidai lokacin da Inna da Goggo Hansai da wata maƙwabciya suka kama lugude a turmi ɗaya. Taɓarya uku na sauka bi da bi, kowace mace ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, Inna na ba da waƙa suna amshi. Mu yara muna gefe muna korar kaji daga tsabar gero. Da aka juya kaset ɗin Inna ta ji kanta, sai ta rufe fuska da gefen zane tana dariya, ta ce, "Ashe haka nake da baki?"

Kaset ɗin nan ya zama abin nunawa. Duk baƙuwar da ta zo sai an kunna mata kafin fura ta iso. A ciki har kukan akuyarmu ana ji, da muryata ina tsiwa an taka mini ƙafa. Kawu ya ɓalle ɗan haƙorin kaset ɗin don kada a ɗauki wani abu a kansa. Yaya Sale kuwa, lokacin yana tashen samartaka, ya cusa takarda a ramin, ya ɗauki waƙar Indiya daga rediyo don ya burge wata yarinya a unguwar Wunti. Yarinyar ma ba ta aure shi ba. Inna ta ce a bar shi, ai baki na nan, turmi na nan. To, bakin ya tafi da rasuwarta, injin niƙa kuma ya kwantar da turmin a bayan ɗaki.

Ban shiga aji ba sai da na yaye autana, a makarantar yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa, na rubuta baitocin Inna, na ga babu komai a takardar sai kalmomi. Daɗin yana cikin taɓarya. Yanzu daga ni sai Goggo Hansai muka san yadda ake amshin, ita kuma ta tsufa ƙwarai, tana unguwar Ɗan Iya wurin jikokinta.

Abin dariya, ɗan Yaya Sale na fari, Nura, shi ne mai situdiyo a Wunti. Ɗaki ne an lulluɓe bangonsa da soso, da kwamfuta yake haɗa wa mawaƙa kiɗa, babu kalangu babu ganga. Na je na rera masa baitocin Inna. Ya ce, "Goggo, ba sai an wahala ba. Ki daka sau ɗaya, in ninka miki sautin gida uku." Ya gwada da sautin da ke cikin na'urarsa, ya sa mini abin ji a kunne. Ya fito tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na cire na miƙa masa, na ce matan nan naka ba sa numfashi, ba mai tsokanar wata. Ya yi dariya ya ce to in kawo masu numfashi, na'ura za ta ɗauka, ya adana a wurare da yawa yadda ba mai iya gogewa.

A da muna da mata uku da kaset ɗaya tak. Yau ga wurin ajiya ba iyaka, matan ne suka yi ƙaranci.

Washegari da safe na tari keke mai ƙafa uku, na biya Ɗan Iya na ɗauko Goggo Hansai da babbar jikarta, muka wuce Ƙofar Ran. Na samu Yaya Sale a zaure da furfurarsa yana shan koko. Na nuna masa bayan ɗaki na ce, "Tashi, Yaya. Kai za ka ɗauki turmin."