Hannun Ɗan Tauna Ba Ya Jin Zafi

Yau ƙanena ya zama mai kwaɓi a gidan burodin da yake aiki, bakina ya ƙi rufuwa, shi ya sa na ajiye keken ɗinki na ce sai na rubuta.

Ɗan Tauna muke ce masa. Tun yana ƙarami in an ba shi burodi ba ya haɗiyewa, sai ya yi ta tauna har shayinsa ya huce. Mama ta yi faɗa ta gaji. Shi kuma ya ce wai in ka daɗe kana tauna, burodin zaƙi yake yi, wa ke zuba sukarin? Muka yi ta dariya. Amma ni na ɓuya bayan ƙofa na gwada, kuma wallahi gaskiyarsa ne.

Da ya girma sai ya samu aiki a gidan burodin bayan layinmu, yana ɗaukar tire daga bakin wuta zuwa kan tebur. Da farko da tsumma yake kamawa, daga baya ya daina nema. Tafinsa ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Sai dai hayaƙin wurin ya sa masa tari, mai magani kuma ya ce in bai bar bakin wutar nan ba ƙirjinsa zai lalace. Wurin da babu hayaƙi ɗaya ne, ɗakin kwaɓi. Ana haka tsohon da ke kwaɓin ya ce kafaɗarsa ta gaji, zai koma gida. Mai gidan burodin ya ce wa Ɗan Tauna zai ba shi gwaji sau ɗaya: in kwaɓinsa ya tashi, ɗakin nasa ne, in bai tashi ba ya koma wuta.

Sai ya fara koyo a gida, a robar wankin Mama. Fulawa, sukari, yis, ruwa. Ya rufe da zane ya zauna yana gadi. Kwaɓin nan ya kwanta kamar ya yi fushi. Ya canza yis, haka. Ya ƙara sukari, haka. Mama ta ce ko kaji ba za su ci wannan ba.

Akwai wata malamar kimiyya da nake yi wa ɗinki. Ta zo awon riga ta tarar da shi ya zuba wa roba ido, ya ko tsare ta da tambaya. Ta ce masa yis ɗin nan abu ne mai rai, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna cin sukari su samu ƙarfi kamar yadda mu ma muke yi, iskar da suke fitarwa ita ke kumbura kwaɓi. A cikin kowace ƙwaya kuma akwai wasu 'yan ma'aikata, inzayim sunansu, su ke farfasa sukarin. Ta ce har a yawun bakinmu akwai irinsu, su ke mai da burodi zaƙi. Ɗan Tauna ya juyo ya kalle ni.

"Yaya, kin ji ko? Shekara nawa kuna min dariya?"

Na ce na ji, ya yi haƙuri, amma kwaɓinsa dai har yanzu a kwance yake.

Malama ta koya masa wata dabara: a zuba yis da sukari da ruwa mai ɗumi a kwalba, a ɗaura balan-balan a baki. In suna aiki, balan-balan zai miƙe. Ya haɗa tasa. Ni ma don tsokana na haɗa tawa. Kafin in gama kafa hannun riga, tawa ta kumbura ta yi tsaye, tasa ta langaɓe. Yis ɗaya, sukari ɗaya. Ya ce to me ya bambanta mu? Muka sake, ina kallon duk abin da yake yi. Ya tsoma hannu a kofin ruwansa ya ce ɗumi-ɗumi ne, daidai. Na ce bari in ji. Ina sa yatsa na fizge, har na ture kofin.

"Wannan ne ɗumi-ɗumi? Ai shayi za ka haɗa!"

Ya tsaya yana juya tafinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ashe tiren nan sun cinye masa jin zafi. Da muka gaya wa malama ta ce to shi ke nan, zafi mai yawa dafa 'yan ma'aikatan yake yi, kamar ƙwai a kasko, in ya yi fari ba ya komawa ruwa. Ɗan Tauna ya ce to mu da jikinmu ke cike da su, shi ya sa zazzaɓi mai zafi ke kayar da mutum? Ta ce ya bar ta ta tafi gida, tambayarsa ba ta ƙarewa.

Yau da rana aka yi gwajin. Na bar ɗinki na je na laɓe a tagar gidan burodin. Ya tara ruwa a babban baho, maigidan na tsaye, tsohon na zaune a kan buhun fulawa. Sai na ga ya naɗe hannun riga har sama, ya sunkuya ya tsoma gwiwar hannu. Ya ɗago ya ƙara ruwan sanyi, ya sake tsomawa. Masu ɗaukar tire suka fashe da dariya, wani ya ce wankan jariri zai yi ne? Tsohon bai yi dariya ba, ya ɗan gyaɗa kai kawai.

Aka kwaɓa, aka rufe. Ɗan Tauna kuwa ya kara kunne a jikin bahon, wai yana so ya ji ko ƙwayoyin yis suna ci. Da aka ɗaga zanen, kwaɓi ya cika ya tumbatsa har yana leƙo baki. Maigidan ya danna da yatsa, ya cire ƙyallen mai kwaɓi da ke kafaɗar tsohon ya jefa wa Ɗan Tauna, ya ce gobe kar ya gan shi a bakin wuta.

Ya shigo gida da burodi ɗaya mai zafi a tafinsa, ba ko takarda. Mama ta miƙa hannu, na ce ta tsaya in ɗauko faranti. Yanzu haka tana zaune tana tauna loma ɗaya tun ɗazu, ta ce kar wanda ya yi mata magana, tana jiran zaƙin.